Dala ta shigo asusun intanet, saura ta iso Sakkwato: wace hanya za ka bi zuwa banki?

Duk wanda ke aiki ta intanet ya san murna iri biyu ce. Akwai ta ranar da ka buɗe waya ka ga dala kaza a asusunka na Payoneer (kamfanin karɓar kuɗi daga waje) ko Fiverr (dandalin samun aiki ta intanet) ko AdSense (tsarin Google na biyan kuɗin talla). Akwai kuma ta ranar da alat ɗin naira ya shigo, har ka iya tsayawa gaban mai hatsi a Tsohuwar Kasuwa ka ce a auna maka. Ta biyun ce ta gaskiya. A tsakaninsu kuwa akwai tafiya, kuma a kan hanyar ne kuɗi ke zubewa kamar gero a huɗajjen buhu, wani lokaci ma buhun gaba ɗaya a tsare shi a hana ka.

Samari da 'yan mata da yawa a garin nan, daga ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo masu zanen tambari da fassara zuwa masu ɗora karatu da barkwanci a YouTube, tambayarsu ɗaya ce: ta ina zan cire? Hanyoyi huɗu na ga mutanenmu na bi. Kafin in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ga ma'aunin da nake auna su da shi.

Na farko, kuma uban sauran: naira nawa ta iso hannunka a ƙarshe. Ba cajin da aka rubuta maka ba. Kamfani na iya cewa bai karɓi ko sisi ba, ya kwashe rabonsa a farashin canji. Mu ɗauka, don lissafi kawai, dala tana naira 1,500 a kasuwa, su kuma suka canza maka a 1,460. Idan dala 500 ka cire, naira 20,000 ta tafi ba tare da an nuna maka layi ɗaya na caji ba. Na biyu, kwana nawa. Na uku, wahalar buɗewa da ta amfani ga mutumin da ke zaune Mabera ko Gwadabawa, ba Legas ba. Na huɗu, ɗorewa: idan Babban Bankin Nijeriya ya fito da sabuwar doka gobe, hanyar za ta rayu? Na biyar, haɗarin a ƙulle maka asusu ko a gudu da kuɗinka.

A batun kwanaki, kada a ɗora wa banki laifin da ba nasa ba. Fiverr kan riƙe kuɗin aiki kwana 14 kafin ya sake su. AdSense ba ya biya sai kuɗin sun kai dala 100, kuma tsakanin 21 da 26 ga wata yake turawa. Lissafin hanya yana farawa ne daga ranar da ka danna cirewa.

Maganar suna, kafin komai

A nan zan daɗe, don nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma ko wace hanya ka zaɓa sai ka bi ta wurin. Ka'idar kusan duk kamfanonin nan ita ce sunan da ke asusun intanet ya zama shi ne a asusun banki. Mu kuwa Allah Ya hore mana rubuta suna ɗaya ta hanya biyar. A takardar firamare Muhammadu, a BVN Mohammed, a NIN Muhammad, a Fiverr kuma mutum ya sa Moh'd. Ga al'adarmu ta jingina suna da gari: wani katin ya ƙare da sunan mahaifi, wani ya ƙare da Yabo ko Boɗinga ko Tambuwal. Ga Abubakar da ya zama Garba, ga matar da ta koma sunan miji a banki amma NIN ɗinta na ɗauke da na mahaifinta. Mu a gida mun san mutum ɗaya ne. Na'urar da ke tantancewa a ƙasar waje ba ta san Garba shi ne Abubakar ba, kuma ba ta jin "don Allah".

Ni kaina na sha wannan. Harafi ɗaya ne ya bambanta a sunan mahaifina, wani kamfani ya dakatar da cirewata, na shafe makonni ina tura hoton kati ana dawo mani da amsa iri ɗaya. Sai da na gyara a banki tukuna. Don haka ka ɗauko katin NIN, ka tambayi bankinka yadda sunanka yake a BVN, ka jera su. In sun saɓa, gyara su tun kuɗi ba su shigo ba. Sannan ka buɗe asusun intanet da wannan rubutun, harafi da harafi.

Adireshi ma haka. Za a nemi takardar wuta ko bayanin asusun banki mai ɗauke da sunanka da inda kake zaune. A gidan gado na cikin gari, takardar wuta sunan kaka ke kanta. Mafita mafi sauƙi ita ce bayanin asusu daga bankinka, wanda adireshinsa ya dace da wanda ka rubuta. Layin wayar da ke karɓar lambar tabbatarwa kuma ya zama naka, mai rajista da NIN ɗinka. Mutanen gabashin jiha ba su manta 2021 ba, lokacin da aka katse sabis a ƙananan hukumomi 14. Wanda duk shigarsa asusu ta dogara ga saƙon waya ya ga ta kansa. In kamfanin ya ba da zaɓin manhajar tabbatarwa ko lambobin ajiya, waɗanda ba sa jiran saƙon waya, ka kunna su.

Hanya ta ɗaya: kai tsaye zuwa asusun naira

Ka saka lambar asusunka mai lamba 10, kamfanin ya canza dalar da kansa, naira ta sauka. Payoneer na yin haka, Upwork, wani dandalin aiki irin Fiverr, ma na da irinsa. Ita ce mafi ƙarancin ciwon kai: babu sabon asusu, babu hawa kabu-kabu zuwa banki, babu ciniki da kowa. Bisa al'ada kwana biyu zuwa biyar na aiki ne, sau da yawa ma ba ya kai haka.

Kuɗinta kaso ne cikin ɗari, galibi a naɗe cikin farashin canjin. Alherin kaso shi ne ba ya zaluntar mai ƙaramin kuɗi. In kashi 2 ne, dala 2 za ka rasa a dala 100. Sharrinsa kuma yana girma tare da kai: a dala 3,000 ya zama dala 60. Kafin ka tabbatar da cirewa ana nuna maka nairar da za ta iso. Raba ta da adadin dalar, ka ga ainihin farashin da aka sayi dalarka, ka kwatanta da na ranar. Minti ɗaya ne, amma mutane ƙalilan ke yi. A sani kuma Payoneer na da kuɗin shekara, dala 29.95, da yake cirewa a asusun da shigarsa ba ta kai adadin da ya gindaya ba. Mai samun aiki jefi-jefi ya sa wannan a lissafi.

A da, wannan hanya asara ce tsagwaronta. Kafin Yunin 2023 farashin gwamnati yana wajen naira 460, na 'yan canji ya haura 700, duk wanda aka canza wa a farashin hukuma an yi masa aski ba ruwa. Da Babban Banki ya haɗe kasuwannin canji a Yunin 2023, naira ta faɗi har ta wuce 1,500 a farkon 2024, tazarar da ke tsakanin farashin biyu kuma ta tsuke ƙwarai. Yawancin shawarar da ake yaɗawa a guruf-guruf cewa "kada ka yarda a biya ka da naira" ta wancan zamanin ce.

Abu ɗaya da ke tare kuɗi a nan shi ne matakin asusun da za su sauka. Asusun mataki na ɗaya ba ya riƙe fiye da naira 300,000, na biyu 500,000. Mutum ya buɗe asusu a waya da lambar waya da NIN kawai, ya tura masa kuɗin dala 400, sai a riƙe ko a mayar. Ɗaga shi zuwa mataki na uku tukuna. Ni na fi son su sauka a banki mai reshe a gari, inda in abu ya cije zan je in zauna gaban mutum. Daga can sai in tura na cefane zuwa OPay ko Moniepoint.

Hanya ta biyu: asusun dala a bankin gida

Shi ne wanda ake kira dom. Dalarka ta iso a dalarta, kai ke da ikon ranar da za ka canza da wurin da za ka canza. Mai karɓar kuɗin AdSense kusan dole ya san wannan hanya, don kai tsaye daga banki zuwa banki ake turo su. Manyan bankunan da ke da rassa a Sakkwato suna buɗe shi, wanda kuma ke gudun mu'amala da kuɗin ruwa yana iya tambaya a Jaiz ko TAJ.

Buɗewa ce mai ɗan jan rai. BVN, NIN, hoto, shaidar adireshi, wasu bankunan kuma har da mutum biyu masu asusun "current" da za su tsaya maka. Bayan an buɗe, ka karɓi lambar SWIFT ta bankin a rubuce, wato lambar da bankunan waje ke gane bankinka da ita, da bayanin bankin da ke tsakani in akwai. Kada ka kwafo daga intanet, kada ka karɓa daga aboki.

Bankin tsakanin nan shi ne sirrin tsadar hanyar. Dala ba ta tashi daga Amurka ta faɗo Sakkwato kai tsaye, sai ta ratsa ta wani banki a waje, shi kuma yakan gutsiri nasa. Abin da ake gutsira yawanci adadi ne tsayayye, ba kaso ba. Mu ce dala 20 ce gaba ɗaya. A dala 100, kashi 20 ke nan, ɗaya bisa biyar na guminka. A dala 1,000 kashi 2 ne, ta yi kunnen doki da hanya ta ɗaya. A dala 3,000 ba ta kai kashi 1 ba. Ashe dom ba na mai cire kaɗan-kaɗan ba ne, na mai haƙurin tarawa ne.

Sai fitar da ita. Ko ka canza a manhajar bankin da farashinsu, ko ka karɓi tsabar dala ka kai wa 'yan canji. Ta biyun na iya fin riba, amma tana da nata: wata rana ka je a ce babu tsaba sai an kawo, in an samu kuma a haɗo maka da ƙanana ko tsofaffin takardu. Ɗan canji kuwa sabuwar ɗari mai shuɗin zare yake so, ya ga 'yan ashirin da goma-goma sai ya rage farashi. Ga fita daga banki da dala a aljihu, a zamanin da ba kowa ake nuna wa tafin hannu ba. Ka yi canjin da mai lasisi, ka ga alat kafin ka tashi.

Ta fuskar ɗorewa ita ce gaba. Dokoki sun sha sauyawa a kanta, amma asusu ne da sunanka a bankin da hukuma ke sa wa ido. A lura da wani abu da ke rikita mutane: tun Janairun 2024 kamfanonin aiko da kuɗi irin su Western Union da naira suke biya. Wannan dabam, turowa ta SWIFT zuwa dom dabam. Ga wanda ke da abin biya da dala nan gaba, kamar kuɗin jarrabawa ko sayen kayan aiki daga waje, ajiye ta a dalarta ya hana shi canji biyu, asara biyu.

Hanya ta uku: manhajojin da ke ba ka lambar asusun waje

Irin su Grey da Raenest, wadda a da aka fi sani da Geegpay. Suna ba ka lambar asusu ta Amurka ko Ingila ko Turai da sunanka, ta hannun wani bankin can da suke hulɗa da shi. Mai biyanka ya tura kamar yana tura wa ɗan ƙasarsu, kai kuma ka canza a cikin manhajar ka aika bankinka. Zangon ƙarshen nan mintoci ne, kamar kowace taransifa ta gida. Rajista daga ɗaki ake yi, da BVN da kati da hoton fuska.

Caji a nan hawa uku ne: na karɓa, na canji, na turawa banki. Kowanne ƙarami, sai ka haɗa su za ka san gaskiya. Ga matsakaicin kuɗi sau da yawa sukan yi gogayya da hanya ta ɗaya, kuma kana iya barin dala a ciki ka jira farashi. Sai dai ba kowane dandali ke karɓar irin wannan lamba ba, kuma su kansu suna da ka'idar irin kuɗin da suke yarda ya shigo. Kuɗin aiki daga kamfani ba matsala. Kuɗi daga wani mutum da ba ka iya bayaninsa ba, za a tsayar a nemi takardar yarjejeniya ko rasit.

Rauninsu a wurina biyu ne. Ba su da ofis a Sakkwato: in abu ya tsaya, sai rubutu da Turanci da jira. Sannan rayuwarsu a hannun bankin waje take. Ranar da alaƙar ta canza, lambar asusunka na iya canzawa, ka bi duk masu biyanka kana sabuntawa. Hukumar NDIC, mai biyan masu ajiya in banki ya rushe, ta ɗaga inshorar ajiya zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci a 2024, shekarar da aka soke lasisin bankin Heritage. Wannan kariya ta ajiyar bankin gida ce, ba ta bin dalar da ke kwance a asusun waje. Irin waɗannan manhajoji gada ce, ana wucewa ne, ba a shimfiɗa tabarma.

Hanya ta huɗu: dillali, asusun aro da kirifto

PayPal, kamfanin biya da karɓar kuɗi ta intanet, shi ne ya haifi yawancin wannan kasuwa. Ya shigo Nijeriya a 2014 da rabin ƙofa: an yi shekara da shekaru ɗan Nijeriya na iya biya da shi amma ba ya iya karɓa. Sai aka samu masu buɗe asusu da adireshin wata ƙasa, da masu cewa "turo ta nawa in ba ka naira". Kafin ka ba wani baƙo adireshin PayPal ɗinka, shiga asusun da ka buɗe da sunanka da adireshinka na gaskiya, ka ga da idonka ko yana ba ka damar karɓa da cirewa. In babu, ka roƙi mai aikin ya biya ta wata hanya. Asusun ƙarya yakan yi aiki har ranar da kuɗi masu kauri suka shigo, a nemi shaidar zama a ƙasar da ba ka taɓa takawa ba. PayPal na iya riƙe kuɗin asusun da ya taƙaita har kwana 180, kuma wanda ya yi ƙaryar suna ko bayan nan ba shi da bakin karɓa. Zanen aro ba ya rufe katara.

Dillali yana da sauri, wani lokaci farashinsa ma ya fi na kowa daɗi, in mutumin kirki ne. Amma dalarka ta fara shiga hannunsa kafin nairarsa ta shigo naka, ba takarda, ba shaida. "Wallahi Malam netwok ne, bari zuwa la'asar." La'asar ta zama jibi. Ko ta fuskar addini, malamanmu sun sharɗanta canjin kuɗi da kuɗi ya zama hannu da hannu, wannan jinkirin kuwa ba ka san inda ya ajiye ka ba.

Kirifto kuma, wato kuɗin intanet da kake sayar wa wani ya biya ka naira, ƙasarsa ba ta daina motsi ba. A Fabrairun 2021 Babban Banki ya hana bankuna taɓa harkar, a Disambar 2023 ya janye, a Maris na 2024 Binance, babban dandalin cinikin kirifto, ya daina hulɗa da naira. Babban haɗarin ma ba wannan ba ne. Baƙon da ya saye dalarka yana iya biyanka da kuɗin da aka damfari wani. In mai kuɗin ya kai ƙara aka bi sawu, asusunka ne za a ƙulle, kai da ba ka ci nanin ba nanin ta ci ka.

| Hanya | Inda kuɗi ke raguwa | Lokaci | Wahalar farawa | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Kai tsaye zuwa naira | Kaso a farashin canji | Kwana 2 zuwa 5 na aiki | Kaɗan | Mai kyau | Saɓanin suna, ƙaramin matakin asusu |
| Asusun dala | Tsayayyen caji a hanya | Kwanakin aiki kaɗan, sai zuwa banki | Da yawa | Mafi ƙarfi | Kuskuren SWIFT, yawo da tsaba |
| Manhajar asusun waje | Karɓa, canji, turawa | Zangon ƙarshe mintoci | Kaɗan | Matsakaiciya | Dakatarwa ba ofishin zuwa |
| Dillali ko kirifto | Yadda kuka yi ciniki | Nan take, ko shiru | Babu | Rauni | Gudu da kuɗi, ƙulle asusu |

Harajin naira 50 da ake cirewa a taransifar da ta kai naira 10,000 da ɗan cajin tura kuɗi tsakanin bankuna ban sa su a teburin ba, don duk hanyar da ka bi za ka gamu da su, kuma ba su ne ke karya mutum ba.

To, wace hanya ta dace da wa? Ɗalibi ko mai fara aiki da ke samun dala 50 zuwa 300 a wata, kuma yana buƙatarsu don abinci da data: kai tsaye zuwa naira. Kada ya wahalar da kansa da dom yanzu, tsayayyen caji zai cinye shi.

Mai YouTube ko shafi da AdSense ke biya: ya buɗe dom tun kafin ya kai dala 100 ɗin farko. In yana da abin da zai riƙe shi, ya ɗaga adadin da ake biyansa a saitin AdSense, a turo sau ɗaya mai kauri maimakon sau huɗu ana gutsira.

Mai aiki da kamfani ɗaya ko biyu na waje da ke biyansa duk wata: manhajar asusun waje ta fi dacewa, amma ya riƙa kwashewa zuwa bankinsa, ya kuma ajiye takardar yarjejeniya da rasit na kowane biya. Za su yi masa rana in an tambaye shi asalin kuɗi, ko a banki ko wurin masu haraji.

Wanda shigarsa ta haura dala 1,000 a kai a kai, ko yake tara kuɗin karatu ko na kayan aiki: dom ne gidansa, ya riƙe ɗaya daga sauran biyun don ranar gaggawa.

Matar aure da ke aiki daga gida, fita banki kuma ba ta yi mata sauƙi: hanya ta ɗaya ko ta uku, da sunanta da BVN ɗinta. Ko na maigida ne kada ta saka, sunan ba zai dace ba, za a mayar da kuɗin ko a tsare su.

Mazaunin Illela ko Isa ko Sabon Birni, inda reshen banki ke da nisa sabis kuma ke yankewa: ya zo birni sau ɗaya ya daidaita suna da matakin asusu, ya bi ta naira kai tsaye, ya karɓi tsaba wurin mai POS da ya sani.

Wanda kuwa tuni kuɗinsa suka maƙale a asusun da ba ya cirewa zuwa Nijeriya, ya fara tambayar wanda ya biya shi ko zai karɓi kuɗinsa ya sake turowa ta hanyar da ke aiki. In ya ƙi, dillali ya zama dole, to ya zama wanda ya san gidansu, a zauna wuri ɗaya, a fara da dala 20 a ga alat kafin a saki sauran.